Shekarar da Aka Mayar wa Bappa Wuƙarsa

Abin da na fara gani ranar da na iso gidan Goggo Talatu a Mubi buta ce. Shuɗiya ce ta roba, an ajiye ta a bayan ƙofar falo cike da ruwa, kusa da ita kuma ga darduma an naɗe an jingina da bango. Sama da su kaɗan akwai kalandar coci mai hoton zumuntar mata, ga Goggo a layin gaba ta ɗaura ɗankwali iri ɗaya da na sauran. Na tsaya da jakata a hannu, in dubi butar in dubi kalandar, har na manta ban gaishe da matar gida ba.

"Ta Bappanki Musa ce," in ji Goggo. "Duk ranar kasuwar shanu nan yake zuwa ya yi azahar, ya ci abinci, ya yi mini faɗa a kan gishiri. Ke kuwa, Rahila, ko sannu ba ki ce ba kin fara binciken gida?"

Kunya ta kama ni, na durƙusa na gaishe ta da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Daga Duvu aka kawo ni wurinta don in yi sakandare, kuma a lokacin duk danginmu sun san ni da abu ɗaya: ba na magana. In baƙo ya shigo sai in laɓe bayan rumbu. Amma ido ina da shi, kuma Goggo ce ta fara gane haka.

Ina rubuta wannan ne saboda ku 'ya'yana, Iliya da Talatu ƙarama. Kun taso kuna gani duk safiyar Kirsimeti ana kawo Bappa Musa Duvu a kan babur, a ajiye masa kujera gindin tsamiya, ɗansa Yusuf ya yanka akuya shi kuma yana nuna masa da sanda inda zai sa gwiwa. Kuna tsammanin haka abin yake tun fil azal. Akwai shekarar da saura kaɗan ya yanke. Kuma na ji yadda wasu ke ba da labarin, wai Goggo ta sayar da sunan gida don neman suna. Ina wurin, na ga abin da ya faru, ba haka ba ne.

Kakanku na can sama, mahaifin babana, bai yi coci ba bai yi masallaci ba, a kan al'adar da ya tarar ya rasu. 'Ya'yansa ne suka rabu hanya. Musa, babban su, ya je Mubi koyon ɗinki yana saurayi, ya dawo Musulmi, daga baya ya zauna a Mugulbu. Babana Yohanna da autarsu Talatu suka bi coci, mahaifiyarsu, wato Kaka, ita ma ta bi su da tsufanta. Kaka ta sha ba mu labarin Kirsimetin farko bayan musuluntar Musa. Ya zo, ya zauna cikin 'yan'uwansa, ya ci tuwo, amma ta lura yana ture naman gefen kwano da ɗan yatsa, a hankali don kada a gani. Da kasuwa ta zagayo ta je wurin maƙeri ta sa aka ƙera mata wuƙa, aka yi mata kube na fata, ta tara 'ya'yanta ta ce daga yau ko kaza ce ba za a yanka a gidan nan ranar biki ba sai da hannun Musa, don ba ta son ɗanta ya riƙa tambayar wa ya yanka kafin ya ci abincin uwarsa. Tun daga nan wuƙar take soke a jinkar ɗakinta, daidai saman ƙofa. Shi kuma duk Babbar Sallah, da kansa yake ɗauko cinyar ragonsa ya kawo mata.

Goggo malamar makaranta ce, Turanci take koyarwa. Tana da kwamfuta ta hannu wadda take rufewa da wani kyalle da ta saƙa, kamar yadda ake rufe kwanon tuwo. Da yamma in an kawo wuta sai ta buɗe ta, ta soka modem, ta ɗaga kwamfutar kusa da taga saboda nan ne sabis ke kamawa. Tana da shafi a intanet da take kira bulog. Da na tambaye ta mene ne shi, ta ce in ɗauka bangon gida ne da mutum ke rubutu a kai, sai dai masu wucewa ta wajen ba 'yan unguwa ba ne, mutanen duniya ne. Ta ce ta gaji da karanta abin da ake rubutawa a kan Afirka, kullum yunwa, kullum yaƙi, kamar ba mu da kakanni, ba ma dariya, ba ma miya. Sai ta fara rubuta namu: yadda Kaka ke shanya kuɓewa a kan dutse, yadda gaisuwar mutanen Kwaja ke tsawo har mai babur ya kashe injinsa ya jira, yadda ake gayyar girbin dawa. Mutane daga Legas, daga Kamaru, har daga Turai suna karantawa suna ba ta amsa.

Kullum in na dawo makaranta tambaya ɗaya take yi mini. Ba ta cewa me aka koya muku. Cewa take:

"To, 'yar leƙen asiri, me kika gani yau?"

Da farko sai in ce ba komai. Sai ta ƙi ba ni abinci da wasa har sai na faɗi wani abu. Na gaya mata mai ƙosan ƙofar makarantarmu tana ware waɗanda suka ƙone gefe, ba ta zubarwa, tsohon mai gadi take ajiye wa saboda shi ya fi son su haka. Na gaya mata matan da ke kawo gyaɗa daga ƙauye suna cire takalmi su ɗora a kai in za su tsallake mayo, wato rafi, amma in sun shigo gari sai su tsaya bayan wani shago su wanke ƙafa kafin su sa. Goggo takan ajiye cokali ta saurare ni kamar wani babban mutum ne ke magana. Wani lokaci ta buga cinya ta ce, "Ni da na yi shekaru ina wucewa nan ban taɓa gani ba!" A duniya ba wanda ya taɓa sa na ji cewa shirun nan nawa yana da amfani sai ita.

Kirsimetin shekarar muka tafi Duvu tare. Da safe, kafin a tafi coci, Bappa ya iso kamar yadda ya saba. Ya gaishe da Kaka, ya miƙa hannu ya zaro wuƙar daga jinka, ya zauna bakin dutsen da ke ƙofar ɗaki yana wasa ta. Dutsen har ya yi kwari a tsakiya saboda shekaru. Babana ya riƙe ƙafafun akuyar, sanye da rigarsa ta mawaƙan coci don yana sauri kada ya makara. Bappa ya tura hularsa baya, ya juya akuyar ta fuskanci gabas, ya durƙusa. Kaka na tsaye a bayansu da ƙwarya. A daidai nan Goggo ta ɗaga kyamararta ta ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai, wannan ba zan ɓoye muku ba. Da muka koma Mubi ta rubuta labarin wuƙar tun daga farko, ta sa hoton a sama. Ta karanta mini tana fassarawa, sai da na ji hawaye ya zo mini. Babu kalma ɗaya ta raini a ciki, yabon yayanta ne da na uwarta daga farko har ƙarshe.

Rubutun ya yi tafiyar da ba wanda ya zata. Da can in mutum kaɗan sun ba ta amsa sai ta yi ta murna, yanzu kuwa amsoshi suka yi yawa har ta kasa karanta su duka. Wasu suna sa albarka. Wasu suna zagi, kuma zagin daga ɓangarorin biyu yake fitowa. Mutane suka riƙa kwafe hoton suna tura wa juna a waya, har ya bar shafinta ya shiga inda ba ta sani ba.

Wata ranar kasuwa na dawo makaranta da wuri, ina tankaɗe gari a tsakar gida, sai ga Bappa. Abin da na fara lura da shi bai cire takalmi ba. Ya tsaya a bakin ƙofar falo, bai shiga ba. Goggo ta fito tana goge hannu.

"Yaya, sannu da zuwa. Shigo mana, tuwo ya kusa."

"Talatu, wa ya ce ki kai ni kasuwa?"

"Wace kasuwa kuma?"

"Yaron da na haifi sa'ansa ne ya tare ni yau a kasuwar shanu, a gaban mutane, ya nuna mini kaina a cikin waya. Ni da wuƙa, Yohanna da rigar coci, uwarmu da ƙwarya. Har uwarmu, Talatu."

"Yaya, yabonka na yi. Da ka ga abin da mutane ke cewa. Daga ƙasashen waje ana cewa da kowa kamar kai yake, da an zauna lafiya."

Ya dube ta. Bappa ba mai ɗaga murya ba ne, ranar ma bai ɗaga ba.

"Ni na ce ki yabe ni? Akuya nake yankawa don uwata ta ga na ci nama a gidanta, shi ke nan. Ke kin mai da ni darasi. Wasu na cewa na zubar da addinina. Wasu na cewa ga Musulmin kirki an samu guda, kamar duk waɗanda nake sallah da su mugaye ne. Na biyun ma ya fi yi mini ciwo. Kuma duk cikinsu babu wanda ya san sunan uwata."

"Ka yi haƙuri, ban yi tunanin..."

"Da kin tambaye ni. Mugulbu ba nisa." Ya gyara hularsa. "Ki gaya wa Yohanna bana ya nemi mai yanka. Ba zan sake durƙusawa a gidan da ban san wa ke kallona ba."

Ya juya ya tafi. Aka kira azahar yana hanya, butar tana nan bayan ƙofa ba a taɓa ta ba.

Daga ranar bai ƙara zuwa ba. Goggo ta rame a idona. Takan buɗe kwamfutar ta zauna tana kallo ba ta buga komai. Da farko tana kare kanta, tana ce wa maƙwabciyarmu ai gaskiya ta rubuta, ai duniya na bukatar irin wannan labari. Ana cikin haka, da damina ta faɗi, wata ƙungiyar marubuta a Legas ta aiko mata saƙo. Suna so su buga labarin a littafi tare da hoton, su kuma kai ta can ta yi magana a taronsu. Goggo ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Tun tana yarinya burinta ta ga sunanta a bangon littafi. Ta karanta saƙon ta tashi ta yi rawa a tsakar falo, ta rungume ni, sannan idonta ya faɗa kan dardumar da ke jingine, sai ta zauna.

Can ta ce:

"Rahila, ranar da na ɗauki hoton nan kina wurin. Me kika gani?"

Na so in ce ba komai. Amma ita ce ta koya mini kada in ce haka. Na ce mata lokacin da kyamarar ta yi ƙara Bappa ya ɗago ido ya dube ta. Na ce fuskarsa ta canza, bakinsa ya motsa kamar zai yi magana, amma ya riga ya yi bisimilla kuma wuƙar tana kan wuyan akuya, ba zai iya tsayawa ba. Da ya gama kuma baƙi sun cika gida, sai ya haɗiye.

"Wato ya hana ni, ni ce ban gani ba," in ji ta.

Ta jawo kwamfutar, ta rubuta wa mutanen Legas cewa ta gode amma labarin ba nata ne ita kaɗai ba, kuma mai shi bai yarda ba. Sannan ta buɗe shafinta ta goge rubutun da hoton duka. Na ga yatsanta ya tsaya a sama kafin ta danna. Rubutun da ya fi kowane nata masu karatu ke nan. Suka sake aiko mata suna lallashi, suka ce ko a rufe fuskokin, ta ce a'a. Masu karatunta da yawa suka yi fushi, wasu suka ce tsoro ta ji, wasu suka daina leƙa shafin. Irin wannan gayyata ba ta ƙara zuwa mata ba, kuma har yau ba ta ga sunanta a bangon littafi ba. Ban taɓa jin ta ambaci abin da nadama ba. Wannan nake so ku riƙe in kun ji ana cewa ta sayar da sunan gida.

A ƙarshen makon ta ɗauke ni muka hau babur zuwa Mugulbu. Muka tarar da Bappa a kan kekensa na ɗinki a zaure. Goggo, malamar da ɗalibai ke tsoro, ta durƙusa a ƙasa kamar ƙaramar yarinya, ta gaya masa ta goge, ta roƙi gafara. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya tambayi lafiyar Kaka, ya tambaye ni karatu.

"Na ji, Talatu, na kuma yafe," in ji shi. "Kin goge naki. Na cikin wayoyin mutane fa?"

"Wannan ba zan iya ba, Yaya."

"To, kin gani."

Ya ci gaba da taka keken. Muka dawo ba tare da ya ce zai zo ba.

Goggo ba ta daina rubutu ba, amma ta canza yadda take yi. Ta kafa wa kanta doka: duk wanda za ta rubuta labarinsa, sai ta je ta same shi ta karanta masa da harshen da yake ji, in ya ce a cire a cire. Har mai ƙosan ƙofar makaranta sai da ta je ta karanta mata nata. Wanda ba zan manta ba shi ne ranar da muka je Duvu ta karanta wa Kaka rubutu a kan miyar yakuwa da gyaɗa, tana juya shi zuwa yarenmu na Gude layi bayan layi. Kaka na ɓare gyaɗa tana saurare, can ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya ce miki ana zuba gyaɗa kafin yakuwa ta saki tsaminta?"

"Haka nake yi, Dada."

"Shi ya sa mijinki ya nemi aiki a Yola. Goge, kada Turawa su ce ban koya miki komai ba."

Muka yi dariya har babana ya leƙo. Da aka zo kan daddawar batso kuwa Kaka ta ce sam, wannan ba za a faɗa wa duniya yadda take haɗa tata ba, ko maƙwabciyarta ba ta sani ba balle mutumin Legas. Goggo ta goge wurin a gabanta. Rubutun nata ya ragu, masu karatu suka ragu, amma mutanen da take rubutawa a kansu suka fara aiko mata da kansu: ki zo ki rubuta bikinmu, ki zo ki ga yadda muke ginin rumbu.

Akwai abin da ita ba ta san na gani ba. Duk ranar kasuwar shanu da safe, kafin ta tafi makaranta, takan ɗauki butar nan ta zubar da ruwan da ya kwana biyu a ciki a gindin gwanda, ta ɗauraye ta, ta cika da sabo, ta mayar bayan ƙofa. Ta kakkaɓe dardumar ta sake naɗewa. Kuma tana rage gishiri a miyar ranar. Damina ta wuce tana haka, kaka ta shigo tana haka, ba wanda ya zo.

Babbar Sallah ta zo. Cinyar rago ta iso gidan Kaka kamar kullum, amma a hannun wani mai babur, ba a hannun Bappa ba. Kaka ta karɓa ta yi godiya, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Da aka yi hutun Kirsimeti na koma Duvu. Akuyar bana tana ɗaure gindin tsamiya, baƙa mai farin goshi, babana ya yi ta kiwon ta da harawar wake. Saura kwanaki kaɗan ya zauna gaban Kaka ya ce tunda Yaya ya ƙi, zai kira Malam na gidan da ke bayanmu ya yanka, ai shi ma Musulmi ne, in an aika wa Yaya naman zai ci.

"Ba hannun Musulmi nake nema ba," in ji Kaka. "Hannun ɗana nake nema. In bai zo ba akuyar nan ta ci gaba da cin harawarta, mu ci tuwo da miyar kuka."

"Dada, Kirsimeti ba nama? Yara fa?"

"Yaran sun mutu ne bara da ba su ci nama ranar Talata ba?"

Ta tashi da ƙyar, ta miƙa hannu saman ƙofa ta zaro wuƙar. Ban taɓa ganin ta taɓa ta ba tun da na yi wayo. Ta ce ba za ta riƙa kwana da ita a saman kanta ba alhali mai ita ya juya baya, a kai masa kayansa, in ya ga dama ya jefa a mayo. Babana ya roƙe ta, ta ƙi. Kowa a gidan ya san in wuƙar nan ta bar jinkar nan ta kwana a wani gida, shi ke nan an gama, kowa zai riƙa cin namansa shi kaɗai. Ta duba mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina.

"Wannan za ta kai. Ba ta magana, ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba."

Aka cusa wuƙar cikin ƙullin sabuwar dawa, aka ɗora ni bayan babur. Duk hanya ina jin ƙotarta tana tokare mini ciki. Muka wuce gonakin da aka girbe, muka tsallake mayo wanda ruwansa ya ja baya ya bar yashi. Ina ta maimaita saƙon a zuciya: Kaka ta ce ga kayanka. Shi ke nan abin da aka aike ni in faɗa.

Na same shi a tsakar gida yana gyaran igiyar rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye dawar, na ciro wuƙar na miƙa masa da hannu biyu, na faɗi saƙon. Ya karɓa. Ya juya kuben a hannunsa, ya shafa inda ɗinkin fatar ya fara warwarewa. Sannan ya zare ta. Damina ta taɓa ta, tsatsa ta hau bakin daga tsakiya zuwa tsini. Ya gwada da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Shekara guda ba wanda ya iya shafa mata ko man gyaɗa. Yohanna sai waƙa."

Ya waiwaya, ya jawo wani dutse da ƙafa, ya ɗebi ruwa a butarsa ya yayyafa, ya tsuguna ya fara wasa ta. Ina ganin bai ma san yana yi ba, hannunsa ne kawai ya tuna aikinsa. Gaba, baya, ya juya ɗaya gefen, gaba, baya. Ni kuwa ina durƙushe ina kallo, na kuma san wanda zai jefa wuƙa a mayo ba ya wasa ta. Na gama saƙona, abin da ya rage in tashi in tafi. Amma na tuna da Goggo tana tambayata me na gani, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na gaya masa zancen butar. Na ce duk ranar kasuwa ana canza mata ruwa, har gwandar da ake zuba wa tsohon ruwan ta fi sauran tsayi. Na ce ana kakkaɓe dardumarsa, ana rage gishiri. Na gaya masa zancen Legas da jirgin da ba a hau ba, wanda Goggo ba ta faɗa masa ba ranar da ta durƙusa. Na ce Kaka ta hana a kira Malam na bayan gida, na faɗa masa abin da ta ce game da hannun ɗanta. Tun da aka haife ni ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban babba ba. Hannunsa ya tsaya a kan dutsen. Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Ashe kina da baki. Uwata ce ta ce ki faɗi duk wannan?"

"A'a, Bappa. Ita cewa ta yi in kawo kawai."

"To ke me kike so?"

Na dubi wuƙar. Bakinta ya fara haske, tsatsar ta koma ruwan ja tana gangarowa gefen dutse. Na ce:

"Bappa, tunda ka riga ka wasa ta, don Allah kada ka bar ta ta kwana a nan. Ka zo mu tafi tare ka mayar da ita saman ƙofar Kaka da hannunka. Ni hannuna ba ya kaiwa."